Ganin gida a Kirsimeti: wa za ka fara gaisarwa?

Mafi yawanmu da ke aiki a Abuja, Legas ko Fatakwal, kwana bakwai zuwa goma muke samu a ƙarshen shekara. Ka sauka gida ranar 23 ga Disamba, ka ɗaure kaya ranar 2 ga Janairu. A cikin waɗannan kwanaki akwai sujadar Kirsimeti, akwai ta tsallake shekara, da wuya kuma a rasa biki ɗaya ko biyu, domin kowa ya san Disamba ce ke tara mutane. Idan ka cire waɗannan, ka cire ranar sauka da ranar tashi, abin da ya rage maka bai wuce kwana huɗu ba. Gidajen da ke jiran sallamarka kuwa sun haura talatin. Ba za ka gama da su ba, don haka dole ka zaɓa, kuma a gida ana lura ƙwarai da gidan da ka fara shiga da wanda ka bari sai ƙarshe.

Ni da kaina na taɓa ɓata wannan lissafi. Wata shekara na sauka da la'asar, na gaida iyayena, na zarce wurin mai shayi inda abokaina ke zama. Ashe mijin goggona ya rasu da damina, na yi ta'aziyya ta waya na ɗauka shi ke nan. A bakin wani yaro ta ji cewa na shigo gari. Da na je a rana ta uku ta amsa gaisuwata sarai, ta sa aka kawo mini ruwa, ta ce, "Sannu da zuwa, baƙon gari." Daga nan ba ta ƙara ba. Sai da na yi zuwa biyu kafin ta sake kirana da sunan da take kirana tun ina goye.

Tun kana can, nemi mai ba ka labari

Mako biyu ko uku kafin tafiya, kira mutum ɗaya a gida wanda ba ya ɓoye magana. Sau da yawa ba mahaifi ba ne, domin iyaye maza "lafiya lau" kawai suka iya a waya. Yayarka mace, ko ƙanwar mahaifiyarka, ko matar wanka, su ne ke riƙe da labarin gari. Ka ɗauki biro da takarda ka tambaye ta: wa ya rasu tun zuwana na ƙarshe? Wa ke kwance? Wa ta haihu? Wa ya yi aure, auren wa ya mutu? Su wa ba sa ga maciji da juna yanzu? Tambayar ƙarshen nan ita ce ke hana ka shiga gidan kawu ka yi ta yabon baffa alhali rikicin gona ya kai su gaban dagaci.

Ka tambayi hanya kuma. Mutanen gida da direbobin tasha sun fi kowace taswirar waya sanin inda ake bi da inda aka daina bi, da ƙarfe nawa ake daina wucewa. Ka yi tafiyarka da rana. Wanda zai hau jirgin ƙasa daga Idu ko Kubwa zuwa Rigasa ya sayi tikiti da wuri, ya kuma tabbatar jirgin yana aiki a makon, domin an sha dakatar da shi. Bayan harin 28 ga Maris 2022 sai da ya yi wata takwas a tsaye. Mai jirgin sama ya tuna hazon hunturu kan sa a soke tashi zuwa Kano, Kaduna da Jos, kada ya yanki tikitin ranar 24. Kuma kada ka sanar da ranar tafiyarka a Facebook. Mutum biyu ko uku a gida sun isa su sani.

Batun kuɗi a taƙaice: raba shi kashi uku tun kafin ka tashi. Na mota zuwa da dawowa, wanda ba ka taɓawa ko wa ya yi kuka. Na cikin gida, wanda za ka danƙa wa iyaye a ɓoye. Sai na gaisuwa, wanda za ka canza zuwa ƙananan takardu. Ka zo da tsabar kuɗi, domin a ƙarshen Disamba masu POS na ƙauye kan ƙare, cajinsu kuma ya hau, ga sabis da ke ɗaukewa.

Tsaraba ba sai ta yi tsada ba, amma ta nuna ka tuna da mutum. Ga tsofaffi: rigar sanyi, bargo, man shafawa, sukari, ganyen shayi, sabulu, tocila mai caji da rana. Wanda idonsa ya fara rauni, Littafi Mai Tsarki na Hausa mai manyan baƙaƙe ya fi masa turmin atamfa. Yara kuwa biskit da alewa, ka sayi ninkin abin da ka ƙiyasta.

Ranar sauka ta gida ce

Kada ka fita. Ko abokanka sun cika wayarka da kira, ka ce gobe. Ka durƙusa ka gaida iyaye yadda aka saba a gidanku, ka ci abin da aka dafa ko da ka ci a hanya, domin tun safe ake hura wutar nan saboda kai. Idan gidan gandu ne, ka bi sassa ɗaya bayan ɗaya, daga babba zuwa ƙarami, har da sashen matar baffan da ba kwa shiri. Tsarabar gida ka miƙa wa mahaifiya ko uwargida ta raba. Ta fi ka sanin wa aka ba me bara.

Da dare in an yi addu'ar iyali, wataƙila mahaifinka ya ce kai za ka yi. Ka yi da harshen da kakarka ke ji. Bayan an watse, ka zauna da mahaifiyarka ka karanta mata jerin da ka rubuta. Za ta gyara maka shi, za ta ƙara sunaye biyu da ba ka san da su ba, za ta kuma ce wane kada ka je masa kai kaɗai.

Washegari: gidajen makoki, sannan marasa lafiya

Nan ne aikin yake, kuma nan ne ya kamata ka kashe mafi kyawun lokacinka. Kafin abokai, kafin biki, kafin ma gidan fasto, ka fara da gidajen da aka yi rashi ba ka nan. Ta'aziyyar waya tana rage nauyi, amma ba ta sauke shi. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma ba inda ake auna wannan kamar gidan mutuwa.

Ka fita da sassafe bayan karyawa, ka tafi da ƙane ko ɗan wanka wanda zai nuna maka ƙofofi, domin gari ya canza: an yi sababbin gine-gine, wasu sun tashi, wasu kuma rashin tsaro ya kore su daga ƙauye sun dawo cikin gari suna haya. Ka bar mota a gida in tafiyar ta ƙafa ce. Ka yi sallama, ka cire takalmi, ka zauna inda aka nuna maka ko ƙasa da nan. Bayan gaisuwa ka ce, "Ya haƙuri? Ashe abin da ya faru ke nan. Ubangiji ya ta'azantar da ku." Sai ka yi shiru. Gwauruwa za ta so ta ba ka labarin jinyar tun daga ranar da ciwon ya fara, asibitin da aka je, abin da ya faɗa a daren ƙarshe. Ta faɗa wa mutum ɗari, amma ba ta faɗa maka ba. Kada ka katse ta da wa'azi, kada ka duba waya. In ka san wani alheri da marigayin ya taɓa yi maka, ka faɗe shi dalla-dalla: ranar da ya ɗauke ka a keke zuwa makaranta, ko kuɗin jarrabawar da ya cika maka. Iyalinsa za su riƙe wannan fiye da abin da ke cikin ambulan.

Kafin ka tashi ka nemi izinin yin addu'a, gajeriya. Abin da za ka bayar ka naɗe shi ka sa a hannunta ko ƙarƙashin tabarma lokacin sallama, ka ce, "Ga wannan a sayi sabulu." Ba a ƙirga kuɗin gaisuwa a gaban mutane. In an ce za a kai ka kabari, ka je.

Idan gidan Musulmi ne, kuma da wuya a sami zuriya a ƙasar Zazzau, Kano, Katsina, Bauchi ko Gombe da ba ta da ɓangare biyu, ka yi gaisuwar yadda suke yi: "Allah ya jiƙansa, Allah ya ba da haƙuri." Ba wurin muhawara ba ne. Ka lura da lokutan salla, ka kuma kauce wa tsakar ranar Juma'a.

Daga makoki sai marasa lafiya da tsofaffin da ba sa iya fita. Minti ashirin ya isa a wurin mai jinya. Ka tambayi mai kula da shi, a waje, wane magani ake sha da nawa ake saye. Sau da yawa biyan maganin wata guda a kemis ya fi miƙa kuɗi a hannu. Gidajen barka su ne na ƙarshe a wannan zagaye, su ba sa fushi da jinkiri.

Gida biyar ko shida a yini, iyakarka ke nan in kana so zaman ya zama zama. Kuma kowane gida za a kawo maka abinci. Ka ɗanɗana ko loma biyu ne, ka sha ruwa, ka yaba.

Surukai, da matar da ke da gida biyu

Mai aure ya sa gidan surukai a cikin kwana biyun farko, ya je da kansa, kada ya aika matar da yara su wakilce shi. Ke kuma da kika zo Kirsimeti gidan mijinki, kin san yadda abin yake: daga saukarki sai madafa, har a gama biki ba ki leƙa gidanku ba. Ku yanke wannan magana da maigida tun kafin ku taso, a ware miki kwana ɗaya ko biyu cur a gidan iyayenki, shi kuma ya sanar da mahaifiyarsa da bakinsa. In daga bakinki ta fito, sunanta ƙorafi.

Ikilisiyar da ta raine ka

Ko ECWA ce, ko Angilikan, Katolika, Baptis, COCIN, HEKAN ko EYN, ka je gidan fasto kafin ranar sujada, kada ya fara ganinka daga kan bagade. Mai yiwuwa ba wanda ka sani ba ne, domin ana yi musu canjin wurin aiki. Ka gabatar da kanka da sunan gidanku, ka gaida Mama, wato matarsa, ka kai ɗan abu: mudun shinkafa, man gyaɗa, ko kaza. Masu bishara na ƙauye da yawa da noma suke cika abin da albashi bai kai ba.

Sannan ka nemi waɗanda suka koya maka. Malamar makarantar Lahadi, dattijon da ya yi muku ajin baftisma, shugaban mawaƙan da ya sha dukan tebur saboda kun ɓata murya. Waɗannan ba sa cikin jerin kowa, ba dangi ba ne balle a tuna maka da su, kuma yawanci ba wanda ya taɓa komawa ya ce musu na gode. A ƙarshen wasiƙarsa zuwa ga Romawa, Bulus ya gaida mutum fiye da ashirin kowa da sunansa, har da wata da ya ce ta zama uwa a gare shi. Ka yi naka jerin haka.

Ranar sujada, in majami'arku tana yin ta Turanci da ta Hausa, shawarata ka shiga ta Hausa ko da ka saba da ɗayar a birni. A can tsofaffin suke, a can Zumuntar Mata ke fitowa da ankonsu da tulunsu na kiɗa, a can za ka ji waƙoƙin da ka haddace kafin ka iya karatu. Ka zo da wuri, ka zauna inda sa'o'inka ke zama, kada ka nufi kujerar gaba sai an kira ka. In aka ce baƙi su tashi, ka tashi, ko da kakanka ne ya ba da filin da aka gina majami'ar. Sunanka, gidanku, inda kake zaune, gaisuwa daga ikilisiyar da kake sujada a can, ka zauna. In an ba ka damar shaida, minti uku. Mutanen da suka yi shekara suna fama da tsadar taki da kuɗin makaranta ba sa bukatar jerin nasarorinka.

Akwai tarkon da 'yan birni ke faɗawa duk shekara: ƙaddamar da asusun gini. Za a kira sunanka da lasifika, a yi tafi, jini ya hau maka, ka yi alkawarin buhun siminti hamsin. Sakataren ikilisiya zai rubuta, kuma littafin nan ba ya ɓata. Ka yanke abin da za ka iya tun a gida, ka bayar da shi a take. In kana son yin wani abu babba, ka sami dattawa a keɓe bayan biki ka tambaye su me ya fi damunsu. Wataƙila kai kana tunanin fenti, su kuwa rufin gidan fasto ne ke yoyo.

Kada ka gudu da an yi addu'ar albarka ta rufe sujada. Rabin sa'ar nan ta bakin majami'a tana rage maka gida goma. Ka duba kuma wa ba ka gani ba. Abokin da ikilisiya ta sa a horo yana zama a bencin baya, ko wanda ya daina zuwa gaba ɗaya, ka bi shi gida da yamma. Ba aikinka ba ne ka sake yanke hukuncin da dattawa suka yanke, ba kuma aikinka ba ne ka ƙara masa wani. Ka je a matsayin wanda kuka yi kiwon awaki tare.

Wanda gidansu ke kusa da Zariya, ya ɗauki yaransa ya kai su Wusasa su ga majami'ar St. Bartholomew, wadda aka gina da ƙasa bisa tsarin ginin Hausa bayan mishan ta Angilikan, wato CMS, ta tashi daga cikin birnin Zariya ta koma can a 1929. Yaran da aka haifa a Legas, waɗanda ake ce wa ba a yin Kirista Bahaushe, su ga ginin da idonsu, a kuma gaya musu cewa tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa.

Abincin Kirsimeti da maƙwabta

Tsohuwar al'ada ce: shinkafa da nama su tsallaka katanga ranar Kirsimeti, naman layya ya dawo da Babbar Salla. In gidanku sun fara sakaci da ita, ka farfaɗo da ita. Gidaje da yawa kan kira maƙwabci Musulmi ya yanka akuyar ko kajin don kowa ya ci hankali kwance. Ka ɗauki kwano ɗaya da kanka zuwa gidan dattijon unguwa, kada a bar wa yara duka.

Abokai

Su ne suka fi sauƙi, su ne kuma suka fi saurin cinye lokaci. Maimakon ka bi su ɗaya-ɗaya, ka sa rana guda, 27 ko 28 ga wata, ku haɗu wuri ɗaya: gindin bishiyar makarantarku ta firamare, wurin mai tsire, ko filin ƙwallo. Sai ka ware biyu ko uku na jiki ka je gidajensu, ka gaida iyayensu da matansu, ka san sunayen 'ya'yansu.

Ka shirya wa tazarar da shekaru suka haƙa. Wani ya zama hedimasta, wani yana acaɓa, wani kwalba ta kama shi. Wanda ke kiranka da sunan tsokana yanzu zai ce maka "Oga" ko "ranka ya daɗe". Ka karya wannan tun a gaisuwar farko, ka kira shi da nasa sunan tsokanar. Ka fi yin tambaya: ya damina, nawa buhun masara a kasuwa, citta ta yi kuwa bana? Kuma kada ka yi kukan wahalar birni a gaban wanda bai san inda kuɗin makarantar Janairu zai fito ba.

Roƙo zai zo. Wanda za ka iya, ka yi nan take. Wanda ba za ka iya ba, ka ce ba za ka iya ba, da taushin murya. "Turo mini takardunka" da "za mu yi waya" sun kashe abota fiye da "a'a", domin mutum zai yi wata shida yana jiran kiran da ka manta da shi tun a tasha.

A Kaduna, tun bayan rikicin 2000, mutane sun rabu: Kiristoci da yawa sun koma kudancin kogi, su Sabon Tasha, Television da Narayi, Musulmi kuma suka tattara a su Tudun Wada, Rigasa da Kawo. Jos ma ta ga irin wannan bayan 2001. Abokin da kuka zauna benci ɗaya yana iya kasancewa a unguwar da ka yi shekara ashirin ba ka taka ba. Ka kira shi. In gari lafiya, ka je da rana ya tare ka a bakin titi. In ba ka natsu ba, ku haɗu a tsakiyar gari. Mahaifiyarsa tana nan tana tambayar ina yaron nan mai cin tuwonta.

Gidan da kake kewayewa

Kusan kowa yana da shi: ɗan'uwan da kuka yi sa-in-sa kan gado, ko abokin da ya ci bashi ya yi shiru, ko wanda kai ka ci nasa. Kada ka bar shi sai daren tafiya, kada kuma ka tayar da maganar a taron iyali ranar Kirsimeti, inda kowa ke da 'yan kallo. Ka nemi dattijon da ku biyun kuke jin nauyinsa ya yi maka iso. Haka Yakubu ya yi a Littafi Mai Tsarki da zai sadu da ɗan'uwansa Isuwa bayan shekara ashirin: ya aika manzanni da kyauta suka riga shi isa. In kai ne ƙarami, kai za ka taka. In bashi ne a kanka, ka je da wani abu a hannu ko rabi ne. Zuwan farko ba lallai ya warware komai ba. In an amsa sallamarka an ba ka wurin zama, ka karɓi wannan, batun iyakar gona a sa masa wata rana da shaidu.

Sallama

Ranar 1 ga Janairu, bayan sujada, ka sake zagaya manyan gida ka ce gobe za ka koma. Mutanen Kagoro da ke bikin Afan a wannan rana sai su yi sallamarsu tun 31 ga Disamba. Wanda ba ka samu zuwa wurinsa ba, ka aika ƙanenka da saƙo da ɗan abu, ka ce laifinka ne. Ka karɓi lambobin waya, musamman na wanda ke kusa da tsofaffin da ba su da waya, ka ajiye kowace da sunan da za ka gane.

Za a haɗa maka kaya: wake, gyaɗa, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, wataƙila da kaza mai rai ɗaure da ƙafa. Kada ka ce mota ba wuri. Tsohuwar da ta ba ka mudun wake daga rumbunta ta rama tsarabarka ne, ka bar ta ta rama. Ka biya kuɗin kaya a tasha, ka tashi da sassafe. Da ka isa, kafin ka kwance igiyar buhu, ka kira gida ka ce ka sauka lafiya, ka ce a yi wa goggo bangajiya, a kuma gaya mata waken ya iso.